La'ana Ko Hali? Labarin Turin Ɗan Hurin

Wanda ya saba da littattafan jarumai irin su Ganɗoki na Malam Bello Kagara ko Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa, in ya ɗauki littafin nan na Turanci mai suna The Children of Hurin, watau 'Ya'yan Hurin, da farko zai zaci hanyar da ya sani ce za a sake bi da shi. Ga yaro ɗan gidan sarauta wanda ubansa ya tafi yaƙi bai komo ba, ga kwalkwali na gado, ga baƙin takobi, ga kuma dodo yana jira can ƙarshen hanya. Sai ya yi nisa tukuna zai lura jarumin nan ba irin waɗanda ya sani ba ne. Ba namijin da ya taɓa ka da shi gaba da gaba, amma kusan duk inda ya sauka sai ya zama kufai, kusan duk wanda ya so shi sai ya hallaka, waɗansu ma da hannunsa. Mai karatu ya kan rufe littafin da tambaya guda tana cinsa: shin bakin da aka yi wa gidan Hurin ne ya kashe yaron nan, ko kuwa halinsa ne?

Mawallafin shi ne J. R. R. Tolkien, Baturen Ingila, shehun malamin tsohon Turanci a Jami'ar Oksfod, wanda aka haifa cikin 1892 ya rasu cikin 1973. An fi saninsa da The Lord of the Rings, wanda aka buga cikin 1954 da 1955, amma labarin Turin ya girmi wannan nesa ba kusa ba. Ya fara rubuta shi tun kafin 1920, bayan ya komo daga fagen Yaƙin Duniya na Farko, inda ya ga gumurzun Som a ƙasar Faransa cikin 1916, ya kuma rasa biyu daga cikin aminansa na makaranta. Ya rubuta shi zube, ya sake shi da waƙa, ya koma zube, har rai ya yi halinsa bai kammala ba. Ɗansa Kiristofa ne ya bi tarin takardun. Ya fito da labarin a taƙaice cikin The Silmarillion a 1977, ya ƙaro wani kashi a 1980, sa'an nan a 2007, yana da shekara fiye da 80, ya haɗa shi ya zama littafi guda mai cin gashin kansa, da zane-zanen Alan Lee.

Tolkien bai ɓoye rijiyoyin da ya ɗebo ruwa ba. Cikin wata doguwar wasiƙa da ya rubuta wa wani mai buga littattafai a 1951, ya ambaci mutum uku na labarun da. Akwai Sigurdu na mutanen arewacin Turai, wanda ya laɓe cikin rami ya soke dodo ta ciki. Akwai Odifus na Yunanawa, wanda ya auri muharramarsa bai sani ba. Amma babban tushen shi ne Kullerbo, na cikin Kalevala, watau waƙoƙin gargajiyar ƙasar Finlan waɗanda wani likita, Eliyas Lonrot, ya bi ƙauyuka ya tattaro daga bakin mawaƙa, ya buga a 1835, ya faɗaɗa a 1849. Kullerbo ya taso bawa a hannun ɗan'uwan ubansa wanda ya rushe gidansu. Aka sayar da shi ga wani maƙeri, matar maƙerin ta cusa masa dutse cikin gurasa har wuƙar da ya gada wajen ubansa ta karye. Daga baya ya lalata wata yarinya a hanya, ashe ƙanwarsa ce; ta faɗa kogi, shi kuma ya tambayi takobinsa ko zai sha jininsa, takobi ya amsa.

Abin lura shi ne abin da Tolkien ya sauya. Kullerbo bai ga gata ba tun yana cikin tsumma, saboda haka in ya lalace ba a mamaki, sai a ce zalunci ya haifi zalunci. Turin kuwa an ba shi duk abin da aka hana Kullerbo. Sarki ya ɗauke shi ɗa, ya sami amini irin wanda ba a samu sau biyu, mata biyu sun so shi tsakani da Allah, ba kuma wata mararraba da ya iso wadda bai tarad da mai ba shi shawarar kirki ba. Da haka mawallafin ya toshe wa mai karatu hanyar kuɓuta mai sauƙi. Ba dama a ce rashin gata ne.

Ga yadda abin ya faro. A zamanin farko na duniyar da Tolkien ya ƙaga, akwai wani maƙiyi mai ƙarfi a arewa, sunansa Morgot. Mutane suka haɗa kai da waɗansu halittu da a ke kira Eldar, masu siffar mutane amma ba sa tsufa, suka kai masa yaƙi. Aka ci su mummunan ci. Hurin, shugaban ƙasar Dor-lomin, shi ya tsaya baya yana tare abokan gaba har aka kama shi da rai. Morgot ya nemi ya faɗi inda ɓoyayyen birnin Gondolin ya ke, ya ƙi. Sai ya ɗora shi bisa kujerar dutse a ƙwanƙolin tsauni, ya yi masa baki, shi da matarsa Morwen da 'ya'yansu, ya kuma ara masa ganinsa da jinsa don ya riƙa kallon abin da zai same su. Shekara 28 Hurin ya yi bisa kujerar nan.

A nan ya kamata a yi hattara, don kada a ɗauki bakin Morgot a ce shi ne ƙaddara. Tolkien mutum ne mai riƙo da addininsa na Katolika, a duniyar da ya ƙaga kuwa Mahalicci ɗaya ne, Morgot bawa ne da ya yi tawaye, matsayinsa ya fi kama da na Iblis. Shi ne ya ke da'awar cewa makomar kowa tana hannunsa, Hurin kuwa ya ƙaryata shi ido da ido. Watau la'anar nan ƙiyayya ce ta maƙiyi mai ƙarfi, mai 'yan leƙen asiri da runduna da dodo, ba hukuncin da ya sauko daga sama ba. Irin wannan ƙiyayya kuwa, kome ƙarfinta, tana bukatar ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin littafin, in an duba, nunin tsagar bangon ne.

Ba inda gwanintar zana hali ta fito kamar a ƙuruciyar Turin. Yana da shekara 5 annoba ta taso daga arewa ta ɗauke ƙanwarsa da a ke yi wa laƙabi Lalait, watau Dariya. Uwarsa ba ta lallashe shi ba, don ita ma ba ta lallashi kanta ba, aka daina ambaton sunan a gidan. Sai yaron ya koma wurin wani bara gurgu mai suna Sador, masassaƙi, wanda ya sare ƙafarsa da gatari garin saran itace. Nan ya ke zama yana miƙa masa kayan aiki, yana yi masa tambayoyin da ba ya iya yi wa uwarsa, irin su ina matattu ke zuwa, da mene ne bawa. Ran da ya cika shekara 8 uban ya ba shi wuƙa mai daraja, ƙirar Eldar. Bai ko kwana da ita ba ya kai wa Sador kyauta. Morwen ta ga ɓarna ce, Hurin ya yaba. Cikin wannan ɗan abu aka nuna zare biyu da aka saƙa yaron da su, tausayi irin na uba da taurin kai irin na uwa, kuma da su biyun maƙiyi zai ja shi har ƙarshe. Akwai ma wani abu da mai gaggawa zai wuce bai gani ba. Aikin da aka sa Sador da wuƙar nan shi ne sassaƙa wa Hurin babbar kujera ta zaure. Ba a gama ta ba aka tafi yaƙi, ta zauna a lungu har aka so a faskare ta a hura wuta, mai ita kuwa yana can bisa wata kujera dabam.

Da baƙi suka mamaye Dor-lomin, Morwen ta tura yaron a ɓoye zuwa Doriyat, ƙasar Sarki Tingol na Eldar. Sarki ya karɓe shi hannu bibbiyu, aka aiko ita ma ta zo. Ta ƙi, don ba ta iya zama cin arziki ko da a gidan sarki ne. Ga shi kuwa ta haifi 'ya mace, Niyenor, bayan tafiyar Turin. Saboda ƙin nan ne wa da ƙanwa suka girma ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Morgot bai sa hannu a wannan ba ko kaɗan. Girman kan mace mai mutunci ne kawai, irin wanda a wani wuri yabo a ke yi masa.

Haka kuma fitar Turin daga Doriyat. Yana da shekara 20 ya komo daga bakin iyaka, gashi buzu-buzu, tufafi sun tsufa, ya zauna cin abinci a fada. Wani bafade mai suna Sayeros, wanda ya daɗe yana jin haushin ganin ɗan Adam a gidan sarki, ya jefa masa mataji na zinariya, ya kuma ci mutuncin matan ƙasarsu. Turin ya jefe shi da kofi a fuska. Wanshekare Sayeros ya yi masa kwanto, Turin ya ka da shi, ya tuɓe shi tsirara ya kora shi cikin daji da tsinin takobi, har ya faɗa wani kwazazzabo ya mutu. Aka ce wa Turin ya komo ya jira shari'ar sarki, ya ƙi, ya shiga daji ya zama shugaban 'yan fashi. Sarki ya zauna shari'a, wata yarinya da ta ga farkon abin daga kan itace ta ba da shaida, aka wanke shi. Amininsa Beleg, gwanin baka, ya yi ta nemansa har ya same shi ya kawo masa albishir. Sai Turin ya nuna shi ne ma ya cancanci ya yafe, ba a yafe masa ba. Mai karatu a nan ya kan ji kamar ya shiga littafin ya girgiza shi. Ga ƙofa a buɗe, ba dodo, ba sihiri, ba kowa tsakaninsa da ita sai shi kansa.

Tun daga nan ya shiga sauya suna kamar riga. Wurin 'yan fashi ya ce shi ne Wanda Aka Zalunta. Da ya sa kwalkwalin gidansu ya zama Kwalkwalin Tsoro, da haka kuwa Morgot ya gane inda ya ke. A birnin Nargotrond ya ce sunansa Mai Jini a Jika, mutanen birni suka kira shi Baƙin Takobi. A ƙarshe, cikin mazauna kurmin Bretil, ya raɗa wa kansa Turambar, watau Wanda Ya Mallaki Ƙaddara. Kowane suna sabon farawa ne a ganinsa. Wani abokinsa, Gwindor, shi ne ya faɗa masa gaskiya, cewa abin da ya ke gudu ba a sunan ya ke ba, a jikinsa ya ke. Maganar tana da fuska biyu, ko dai hali a ke nufi, wanda a ke cewa zanen dutse ne, ko kuwa jinin Hurin da aka yi wa baki. Tolkien bai warware ba, da gangan kuwa.

Amma in aka ce duk laifin hali ne, mutuwar Beleg za ta tsaya a gaba. Wani wada mai suna Mim ya ci amanarsu, rundunar Morgot ta kama Turin ta ɗaure. Beleg ya bi sawu, ya sato shi da dare yana cikin barcin wahala, ya zaro takobi yana yanke masa mari, sai tsini ya kuskure ya soki ƙafarsa. Turin ya farka cikin duhu, ya ga mutum tsaye a kansa da takobi tsirara, ya ƙwace ya kashe shi. Sai walƙiya ta haska fuskar. Ba wanda zai karanta wannan ya ce girman kai ne; kowa aka azabtar ya farka haka abin da zai yi ke nan. Iyaka dai a ce, da ya bi Beleg gida tun farko da ba su zo wannan dare ba. Nan littafin ya fi ƙarfi, don mai karatu ba ya iya wanke Turin, ba ya kuma iya kama shi.

Batun gada ya fi wannan wuyar yanke hukunci. Mutanen Nargotrond a kogo su ke zaune bakin kogin Narog, yaƙinsu na sari ka noƙe ne, ɓuya ita ce garkuwarsu. Turin ya rinjayi sarkinsu aka gina babbar gadar dutse don runduna ta riƙa fita fili. Manzanni suka zo da gargaɗi a rushe ta a rufe ƙofa, ya yi musu gatsali. Hujjarsa kuwa ba ta wawa ba ce. Eldar suna iya jiran shekara ɗari ko dubu, ɗan Adam kwanansa kaɗan ne, ɓuya kuma ba ta hana maƙiyi girma. Lalle akwai gaskiya ciki, shi ya sa aka bi shi. Ta kan gadar nan dodo Glaurun ya haye ya cinye birnin. Mawallafin da ya ga Som da idonsa bai rasa sanin wanda ke biyan kuɗin irin wannan shawara ba.

Dodon nan ba ƙarfinsa ne abin tsoro ba, bakinsa ne. A ƙofar birni ya kafe Turin da ido, ya shiga lissafa masa ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, na butulci ga mai riƙonsa, da fashi, da kashe amini, da yasar da dangi. Kowanne yana da ƙamshin gaskiya. Da ya ga ya huda shi, sai ya ɗora ƙarya guda a kai, wai uwarsa da ƙanwarsa suna can cikin bauta da tsumma. Ana cikin haka aka wuce da Finduwilas, 'yar sarki mai sonsa, cikin bayi tana kiran sunansa. Da aka sake shi sai ya bar ta ya nufi arewa cikin tsananin sanyi, ya tarar uwar da 'yar sun daɗe da komawa Doriyat lafiya. Kafin ya juyo an kashe Finduwilas. A nan ba da girman kai aka kama shi ba, da tausayi ne, wannan tausayin da ya kai wa gurgu wuƙa.

Kashin ƙarshe shi ne inda mai karatu zai iya yin ƙorafi. Morwen da Niyenor suka fito nemansa, dodo ya dubi yarinyar ya shafe mata tunani ƙaf, har sunanta. Turin ya tsince ta kwance bisa kabarin Finduwilas, ya sa mata suna, daga baya ya aure ta. Wannan sihiri ne tsantsa, ba zaɓi a ciki, Niyenor kuwa ba a ba ta sarari ta zama mutum sosai kamar uwarta ba kafin a mai da ita makami. Ko da ya ke haka ne, Tolkien ya nauyaya abin fiye da na Kullerbo, don can haɗuwar dare ɗaya ce, nan kuwa aure ne da ƙauna da juna biyu. Turin ya laɓe cikin kwazazzabo ya soke dodo ta ciki kamar Sigurdu, ya faɗi sumamme. Dodo kafin ya cika ya mayar wa yarinyar da tunaninta, ta faɗa kogi. Wanda ya ji kome ya kawo labari shi ne Barandir, shugaban Bretil, mai magani, wanda shi ma gurgu ne tun yana yaro. Turin ya ƙaryata shi, ya yi masa gorin ƙafa a gaban jama'a, ya sare shi. Wanda ya tuna da Sador a nan sai jikinsa ya yi sanyi. Dodo ya riga ya mutu sa'ad da aka yi wannan, ba wanda ya kafe Turin da ido. Da gaskiya ta tabbata ya koma ya tambayi baƙin takobi, takobi ya amsa, ya kuwa ambaci jinin mutum biyu, na Beleg da na Barandir.

Littafin ba ya rasa aibu. Shafuffukan farko cike su ke da salsalar gidaje da sunaye masu kama da juna, har mai rauni zai iya ajiyewa kafin ya kai ga Sador. Kashin Nargotrond kuma ya fi kama da taƙaitawa, don Tolkien bai gama shi ba, ɗan kuwa ya ƙi ƙara abin da ba na uban ba. Ana ganin ɗinkin. Turancin na da ne, mai nauyi, ba kuwa raha ko ta ɗanɗano, sai ka ce da Lalait aka binne ta.

Shafi biyu na ƙarshe sun biya wannan duka. Morgot ya saki Hurin, ya tsufa, ya zo wurin dutsen da aka kafa bisa kabarin ɗansa. Ya tarad da wata tsohuwa zaune a gindinsa cikin tsumma, haƙora sun kakkarye, ba abin da ya rage na Morwen sai idanu. Ta san 'ya'yan sun tafi, amma ba ta san yadda aka yi ba. Ta roƙe shi, in ya sani, ya gaya mata yadda yarinyar ta sami wanta. Hurin kuwa ya sani sarai, don duk a gaban idonsa aka yi, shekara da shekaru. Bai amsa ba. Ya zauna ya rungume ta har rana ta faɗi, ta cika a hannunsa.